Akwatin da Aka Sassaƙe da Gizago

Kusan kullum sai wani daga cikinku ya tsaya a ƙofar shagona a Nassarawa ta Birnin Kebbi, ya miƙo min waya da hoton akwatin wufa, wato babbar sifikar nan mai dukan ƙirji, ya ce ai wannan ba wani aiki ba ne, falle shida ne da rami, shi ma da yana da zarto da ya haɗa abinsa. Ba na musu da kowa. Falle shida ne da rami, haka ne. Amma abin da ke sa akwati ya yi magana ko ya yi kuka yana can ciki, inda hoto ba ya kaiwa. Duk abin da zan iya gaya muku a kan wannan yana cikin aikin da na yi wa Garba na Gulma, wasu akwatuna biyu da saura kaɗan su raba gidansu da sana'ar da suka gada.

Garba ɗan gidan makaɗa ne. Mahaifinsa, Baba Noma, shi ke sassaƙa ganga kuma shi ke kaɗa ta, kuma tun kafin a haifi Garba ba a aure ko suna ko gayyar noma a unguwarsu sai da gidansu. Daga baya samari suka fara ɗauko masu sifika daga Argungu. A kunna waƙa daga waya, a yi rawa, a watse, ba wanda ya aika gidan makaɗa ko da goro. Garba ya zo shagona a kan babur, ya ce ya yanke shawara zai sayi kayan sauti, a sa wa ganga makirfo, ta yadda ba wata waƙar waya da za ta danne ta. Sarkin noman garinsu zai yi wa ɗansa aure bayan an yanke shinkafar rani. Su 'ya'yansa mai sifikar Argungu suke so, amma dattijon ya ce saboda zumuncin da ke tsakani a bar wa gidan Noma ranar.

"Malam Bala," ya ce min, "rana guda ta anka ba mu. In munka ji kunya, Baba ya ce shi rataye gangunanshi, ni ko in tahi Legas in yi kabu-kabu. Ka yi mani akwatin da ba a taɓa jin irinshi ba."

Na ce masa wanda ba a taɓa jin irinsa ba ban iya shi ba, amma zan yi masa mai kyau.

Abu na farko a aikin nan shi ne zaɓen falle, kuma wurin Oga Sande na koye shi. Mutumin kudu ne da ya zauna a Birnin Kebbi har Hausarsa ta koma irin tamu, in ka ji yana faɗa da mai sayar da katako ba ka ce ba a nan aka yanke cibiyarsa ba. Yana yin kabad da kujeru, yana kuma haɗa akwatin sifika ga masallatai da majami'u da masu hayar kayan biki. Na daɗe a shagonsa ba a ba ni zarto ba. Aikina sanfefa da miƙe tsofaffin ƙusoshi da dama gam. Shi ya hana ni taɓa tsagaggen katako in dai akwatin sauti za a yi, ko da maɗaci ne mai kyan gani. Tsagaggen katako da damina kumbura yake, da bazara ya tsuke, in ya tsuke ya buɗe baki a wurin haɗi, iska ta riƙa fita tana fito. Akwatin da ke zubar da iska ya gama aiki, ko an lulluɓe shi da kafet mai tsada.

Oga Sande yana da gwaji guda da bai taɓa fasawa ba. In an gama akwati, sai ya cika kofi da ruwa ya ɗora a kai, ya ƙure amfilifaya. In ruwan ya soma rawa har kofin ya fara tafiya, ba ya cewa komai, sukurdireba kawai zai miƙo maka ya koma kan abin da yake yi. Kai ka san abin da ya rage: ka kwance sifika, ka shiga ciki ka ƙara tokara. Na tsani kofin nan a lokacin, yau kuwa akwai irinsa a kan teburina.

Da na buɗe shagona, emdiyef ne ya shigo kasuwa, wato fallen nan da ake matsawa daga garin katako. Ba zan yi masa ƙarya ba, wajen sauti yana da kyau. Yana da nauyi, ba rami a cikinsa, injin yanka yana bin sa sumul. Na yi shekaru ina aiki da shi ina yabonsa, har shekarar da ruwa ya cinye fadama. Daga Ambursa har Argungu shinkafa ta nutse, ruwa ya shiga ɗakuna, kuma masu hayar sauti a ƙasa suke jera akwatunansu. Da ruwan ya janye aka riƙa kawo min su a amalanke, gindinsu ya kumbure kamar burodin da aka manta cikin shayi, ka sa yatsa ya nutse. Ba gyara, sai dai a kwance sifika a jefar da sauran. Ba kuma mai sa a yi sabo, don wanda shinkafarsa ta tafi ba ya biki. Shekarar nan ƙofofi da tagogi na yi ta gyarawa, da bencin makaranta. Tun daga nan, duk akwatin da zai zauna kusa da gulbi ko zai hau babur, filawud nake sa masa, tiri-kwata, mai kaurin babban yatsa. Shi ma ba kowanne ba. Ina duba gefensa in ga ko akwai ramuka tsakanin shimfiɗun, in ɗaga kusurwa in ji ko yana lanƙwasa. Mai araha cikinsa kogo ne, sukuru ya shiga ya yi ta juyawa bai kama komai ba.

Akwatunan Garba da irin wannan filawud na yi su. Fallen gaba, wanda ke ɗauke da sifika, na ninka shi biyu na manne da gam, saboda sifikar inci goma sha takwas ba abin wasa ba ce, maganaɗisunta kaɗai ya ishi hannu ɗaya. Kowane haɗi gam ne da sukuru, kuma sai na huda kafin in ɗaura don kada fallen ya tsage. Ƙusa ba ta shiga akwatina, girgiza tana zare ta a hankali. Sannan tokara. Na yanka ragowar maɗaci busasshe, na ɗaure gefe da gefe, gaba da baya, sama da ƙasa, na kuma bi fallen baya da haƙarƙari, don shi ne mafi faɗi kuma shi ya fi son motsi. Ba a sa matokari a tsakiya cif, ana ɗan kauce masa gefe guda, don in ka raba falle biyu daidai, duka ɓangarorin murya ɗaya za su yi. Kuma tun wurin awo ake ƙara wa akwatin girma kaɗan, saboda wurin da matokaran za su cinye.

Dalilin duk wannan wahala ba shi da wuyar ganewa. Sifika tana tura iska gaba, tana tura iska baya. Ta gaban ita ce taku. Ta bayan kuwa aikin akwati ne ya riƙe ta, ya sake ta ta ƙofar iskar da aka auna mata kaɗai. In bangon akwatin yana motsi, ƙarfin da ya kamata ya doki ƙirjin mutum sai ya tafi wurin girgiza katako, kuma katakon ya ɗora tasa muryar a kan kowane sauti.

Ranar da Garba ya zo ɗauka, ya zagaya akwatunan, ya yaba kafet, ya yaba hannun ɗauka. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa gefen ɗaya. Ya ƙwanƙwasa baya. Ya koma na biyun. Na ga fuskarsa ta canza.

"Malam Bala, akwatin ga kurma na."

Na ce haka ake so.

"A'a. Icce in ya yi kyawo amsawa shika yi. Mu gidanmu in anka sassaƙa ganga, sai an ƙwanƙwasa an ji ta amsa kahin a ɗaura mata hwata. Na Argungu na taɓa su, amo suka yi. Wanga awa dutsi."

Na gaya masa na Argungun da ya taɓa fallen kwata ne, siriri, ba komai a cikinsu. Na yi masa bayanin iskar gaba da ta baya. Na haɗa masa da amfilifayar shago ya ji yadda gilashin maƙwabcina ke karkarwa, na ɗora kofin ruwa ya gani. Ya gyaɗa kai, amma irin gyaɗa kan mutumin da ke girmama ka ne, ba na wanda ya yarda ba. Ba wauta ce ke damunsa ba. Tun yana rarrafe yake ganin ana zaɓen itace da kunne, kuma a sana'arsu abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ɗora akwatunan a motar kasuwa ya tafi.

Ana jibi biki ya kira ni, muryarsa ba daɗi. Ya ce amfilifayarsa da janareta sai jiya suka iso, ya haɗa, akwatuna kuka suke yi. Na tambaye shi ko sun faɗi a hanya, ya ce a'a. Ko ruwa ya taɓa su, ya ce a'a. Na ɗauka wani haɗi ne ya buɗe, don haka na zuba gam da sukuru da zarto da injin huji a jaka, ban ɗauki ko guntun katako ba. Na hau mota zuwa Argungu, daga nan babur ya kai ni Gulma.

A zauren gidansu na same su. Baba Noma yana zaune a kan tabarma can gefe, dogon tsoho mara yawan magana, ganguna rataye a bango bayansa. Muka gaisa, Garba ya kunna. Kiɗan da aka ɗauka a waya ya sa, amma abin da ya fito kamar kwanon rufi ne da iska ta samu. Na ɗora tafina a bayan akwatin, sai da hannuna ya yi tsami. Na kwance sifika na leƙa.

Ba matokari ko ɗaya, duka akwatunan biyu. Tunda da gam na manne su ba su fita ta daɗi ba, sare su Garba ya yi gunduwa-gunduwa. A ɗaya akwatin kuma bai tsaya nan ba, ya ɗauki gizagon babansa, abin da suke rarake cikin ganga da shi, ya bi fallen baya da gefuna yana fiƙe su daga ciki yana ƙwanƙwasawa, har ya ji amon da kunnensa ke nema. Kuma aiki ne mai tsabta, wallahi, sara bisa sara, ba inda ya huda. Raina ya ɓaci sosai. Na tambaye shi ina guntayen maɗacin, ko za a samu na ceto. Ya sunkuyar da kai ya ce an yi tuwo da su.

Ku da ke cewa falle shida ne da rami, ga falle shida da rami nan a gabanmu, ga sifika mai tsada, ga amfilifaya sabuwa, amma ba abin da za a kai gaban jama'a. A Gulma ba mai sayar da filawud. In na koma Birnin Kebbi in yanko sabo in dawo, gam ba zai bushe kafin biki ba. Garba ya ce a sare reshen dogon yaro, na ce ɗanye ne, kafin wata ya zagayo zai tsuke ya saki. Ya ce a cire ƙyauren ɗakinsa, na duba na ga gara ta riga mu.

Duk wannan Baba Noma yana jin mu daga kan tabarmarsa. Sai ya tashi ya zo ya leƙa cikin akwatin, ya shafa saran ɗansa da yatsa, ya dube ni.

"Kahinta, so kaka yi iccen ga shi yi shiru?"

Na ce eh, Baba, shiru ƙwarai.

"Busasshe kaka biɗa?"

Na ce wanda ya daɗe da bushewa.

Ya shiga cikin gida, ya fito yana jan wani gungume naɗe da tsohon buhu. Alilliba ce, itacen da suke sassaƙa ganga da shi. Ya ce a da a bayan gari ake sare ta, yanzu ko an yi yini ana tafiya ba a ganin guda, wannan ma daga wajen Zuru wani abokinsa ya kawo masa tun Garba bai yi aure ba. Ajiye ta ya yi don ya sassaƙa wa Garba gangar da zai gada. Garba ya miƙe ya riƙe gungumen.

"Baba, ba wanga ba. Shi ɗai yar rage."

"Gangad da ba a kira wurin buki, mi taka yi maka?" in ji tsohon. "Saki. Kawo gatari."

Ban taɓa aiki da mutum irinsa ba. Ya tsaga gungumen da gatari da tsinken ƙarfe, tsaga tana bin jijiya, ba ɓarna. Ni ina awo ina yankawa da zarto, shi yana daidaitawa da gizago. Matsalar ita ce fallen da Garba ya fiƙe ba shi da sauran shimfiɗa a ciki, tudu da kwari ne, haƙarƙari ba zai kwanta ba, kuma gam ba ya riƙe iska. Da ni kaɗai ne, da garin katako zan dama da gam in cusa in yi addu'a. Shi kuwa gawayi ya ɗauko ya goga a jikin fallen, ya danna itacen a kai, ya ɗaga, duk inda baƙi ya taɓa ya kankare, ya sake dannawa. Haka ya yi ta yi har kowane haƙarƙari ya zauna daram, ko takarda ba ta shiga ƙarƙashinsa. Akwatin da aka fiƙe na jera masa haƙarƙari kusa da kusa, na ɗaure bango da bango, ɗayan kuma na mayar masa da tokara yadda take a da. Kafin magariba mun rufe su. Na ce kada wanda ya taɓa su sai gam ya kama, na kuma ce wa Garba ya ba babansa ajiyar gizago.

Da na gwada su washegari, nawa na asali sun fi su, ba zan ɓoye ba. Wanda aka fiƙe ɗin in an ƙure shi yana ɗan gunaguni. Na nuna wa Garba inda zai tsayar da amfilifaya, na ɗaura zare a wurin. Baba Noma ya ce ba zan koma ba sai na ci abincin biki, na zauna.

Ranar bikin, bayan la'asar aka fara, a filin ƙofar gidan sarkin noma. An kai janareta bayan katanga, an kafa akwatunan a kan benci, ƙananan sifikun murya a samansu, makirfo a bakin ganga. 'Ya'yan gidan ba su yarda da mu ba, sun ce wa mai sifikar Argungu ya zo ya jira a bakin kasuwa da kayansa a mota, ko da wani abu. Samari sun jeru jikin katanga, kowa da waya a hannu. Garba gumi kawai yake yi.

Baba Noma ya rataya ganga ya fara da taken sarkin noma. Bugun farko na ji shi a cikina kafin in ji shi a kunne. Awakin da ke ɗaure a gindin bishiya suka zabura. Sarkin noma, tsoho ne shi ma, ya tashi daga kujera ya ɗaga hannu sama, tsofaffin manoma suka shigo fili suna taka irin rawarsu ta gayya. Samarin sun ɗan jima suna kallo, sai ɗaya ya cusa waya a aljihu ya shiga, sauran suka bi. Ni dai idona yana kan zaren da na ɗaura da kuma hannun Garba.

Da wuri ya cika, Baba Noma ya cire gangar ya rataya wa ɗansa, ya sa wani ƙanen Garba ya tsaya wurin amfilifaya. Na zaci gajiya ya yi. Sai ya yafito ni ya ce in raka shi. Muka bar filin, muka bi lungu muka fita ta bayan gari. Mata suna fitowa daga gidaje da yara a baya suna nufar inda muka baro. A mararraba motar mai sifikar Argungu ta wuce mu ta nufi gida, akwatunanta a ɗaure yadda suka zo. Wani mutum a kan keke ya tsaya ya gaishe da Baba, ya ce auren ɗiyarsa bayan salla ne, kada a ba wani ranar. Baba ya ce Allah shi kai mu, ya ci gaba da tafiya.

Sai da muka kai bakin fadama, inda aka yanke shinkafa ya rage kututture, sannan ya tsaya. Garin yana can bayanmu, ba a ganin filin, ba a jin muryar mutane. Gangar kuwa tana isowa sarai, bugu bayan bugu. Ya karkata kai yana saurare, ya daɗe a haka.

"Tun ina yaro nika kiɗi," ya ce, "ban taɓa jin gangag gidanmu daga nan ba. Ashe haka mutane ka jin ta."

Ya ƙara saurare, sai na ga ya ɗaure fuska.

"Yaron ga gaggawa shika yi. Mu koma in amshi abina."